Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ke Sa Waƙar Mai Jita Ɗaya Ta Kama Zuciya?

Wasiƙun da suka zo mini a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato waƙoƙin kantiri na Amurka, musamman reshen da gidajen rediyon can ba su cika sakawa ba. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Malam, ni direban babbar mota ne. Tun ina yaron mota nake jin Don Williams da Jim Reeves a kaset ɗin maigidana. Kwanaki ɗana ya tura mini wasu waƙoƙi a waya, ya ce su ma kantiri ne. Muryoyin ba su kai na su Don daɗi ba, kiɗan ma ba yawa, wani jita ce kawai a hannunsa. Amma sai na ga sun fi kama ni. Wane iri ne wannan?
Daga wani direba a Kano

AMSA: Sannu da ƙoƙari direba, Allah ya kiyaye hanya. Ɗanka bai faɗa maka ƙarya ba, kantiri ne, gida ɗaya suka fito amma kowa da ɗakinsa. Ni kantirin gefe nake ce masa. A can Amurka sunan Amerikana ya fi bin baki tun ƙarshen shekarun 1990, har aka kafa masa ƙungiya a 1999.

Tushen abin yana duwatsun Appalachia da karkarar kudancin Amurka, inda waƙoƙin da talakawa suka taho da su daga Ingila da Sikotilan da Ailan suka gauraya da kiɗan baƙaƙen fata da waƙoƙin coci. A 1927 wani wakilin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, mawaƙan ƙauyuka suka yi ta gangarowa. Cikinsu har da Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai fama da tarin fuka, da kuma iyalin Carter: miji da mata da matar ƙanin mijin. Abin da suka kawo bai wuce murya da 'yan tsirkiyoyi ba, sai labaran talauci da mutuwa da kewar gida.

Da kasuwa ta buɗe sai birnin Nashville ya zama cibiyar sana'ar. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 su Elvis Presley sun kwashe matasa, saboda haka furodusoshi irin su Chet Atkins da Owen Bradley suka ga ba mafita sai an yi wa kantiri kwalliya. Aka rage goge irin na ƙauye, aka kawo 'yan amshi masu taushin murya da kayan kiɗa na manyan ɗakunan taro. Jim Reeves ɗinka ɗan wannan zamanin ne, shi ya sa ba ka jin ko ƙura a muryarsa. Ban raina shi ba, har gobe ina sauraronsa. Don Williams kuwa, a ganina ƙafarsa ɗaya tana can ɗaya tana nan, don bai taɓa yarda a cika masa waƙa da hayaniya ba.

To amma duk lokacin da Nashville ta cika kwalliya, sai an sami masu juya mata baya. Willie Nelson ya tattara ya koma Texas a farkon shekarun 1970, ya fitar da wani faifai a 1975 wanda ƙarancin kiɗansa ya sa manyan kamfanin faifan suka zaci gwaji ne bai gama ba. Faifan ya yi kasuwa fiye da duk wanda ya yi kafin nan. A 1990 kuma wasu samari daga Belleville a jihar Illinois, masu kiran kansu Uncle Tupelo, waɗanda suka taso da kiɗan hayaniya na matasan birni, suka koma suna tono tsofaffin waƙoƙin iyalin Carter da na mahaƙan kwal. Faifansu na farko, No Depression, daga wata waƙar iyalin Carter ya samo suna, kuma da sunan aka kafa mujallar da ta riƙe wannan reshe daga 1995.

Abin da ya ƙara raba hanyoyin biyu shi ne dokar sadarwa ta 1996, wadda ta bai wa kamfani guda damar mallakar gidajen rediyo iya ƙarfinsa a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru aka sami kamfanin da yake da fiye da 1,000. Idan mutane ƙalilan ne ke zaɓar abin da miliyoyi za su ji, dole su zaɓi wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba. Tuwon biki ke nan: ya ishi kowa, ba wanda zai tuna ɗanɗanonsa gobe. Waɗanda ɗanka ya tura maka su ne waɗanda suka haƙura da rediyon suka ci gaba da girkinsu a gida.

TAMBAYA: Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ina jin kalmomin waƙoƙin nan sarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waƙoƙin soyayya da ke cike da "zuciyata ta karye" ba sa motsa ni, amma waƙar da ke lissafa kayan ɗaki da sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba sai ta sa ni hawaye. Mene ne sirrin?
Daga wata malama a Zariya

AMSA: Malama, ai kin amsa rabin tambayarki da kanki. Abin da na gamsu da shi bayan dogon sauraro shi ne, zuciya ba ta motsawa don an kira sunan baƙin ciki. Tana motsawa ne idan aka nuna mata wani ƙaramin abu da ta sani, aka ƙyale ta ta ƙarasa sauran.

Ki duba John Prine, wanda ni a wurina shi ne ubangidan wannan sana'a. An haife shi a 1946 a Maywood, kusa da Chicago. Ya yi aikin soja a Jamus, ya dawo ya ci gaba da raba wasiƙu gida-gida, kuma a wannan yawo da jaka a kafaɗa yake harhaɗa baitocinsa a ka. Faifansa na farko ya fito a 1971, lokacin bai wuce shekara 25 ba. A ciki akwai waƙar wani soja da ya dawo daga yaƙi da rauni a gwiwa, allurar kashe zafi ta zame masa jaraba. Amurka na tsakiyar yaƙin Biyetnam a lokacin, mawaƙa da yawa suna ta yi wa gwamnati ihu. Prine bai ɗaga murya ba. Cikin gidan mutumin ya shigar da mu, inda yara ke yawo da tufafin da wasu suka ba su, ya kuma ɗora amshin a kan idon yaran. Su ba su san siyasa ba. Abin da suka gani shi ne hudar allura a hannun babansu, sun kuma gane ta nan kuɗin gidan suke zurarewa.

A faifan dai akwai wani tsoho da matarsa. 'Ya'ya sun watse, ɗaya ya mutu a yaƙin Koriya, hira ta ƙare tsakanin miji da mata. Tsohon yana cewa wata rana zai buga wa wani abokin aikinsa na masana'anta waya, sai kuma ya tuna ba shi da abin faɗa idan aka tambaye shi me ake ciki. Wannan wayar da bai buga ba ita ce take sa ki hawaye, Malama, domin kin san wani tsoho a danginku da ke zaune haka, ko da bai taɓa jin sunan Koriya ba.

Sunayen garuruwa kuma, Lucinda Williams ce gwanarsu. 'Yar jihar Louisiana ce, mahaifinta marubucin waƙoƙi ne kuma malamin jami'a, sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan tana ƙarama. Shekara shida ta yi tsakanin faifanta na 1992 da na 1998, tana ɗauka tana sakewa, har 'yan jarida suka fara yi mata kallon mai wuyar sha'ani. Da faifan ya fito sai ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Babbar waƙar cikinsa ƙuruciya ce kawai daga kujerar bayan mota: ƙanshin karin kumallo, rediyo a kicin, manya suna magana ƙasa-ƙasa, tayoyi suna taka tsakuwa. Ba ta ce gidan ba lafiya ba. Mai sauraro ne yake ganewa, kamar yadda yarinyar ta gane ba tare da an gaya mata ba. Idan ta ambaci Lake Charles ko Jackson, ba don ki san wurin ba ne. Don ki yarda ne cewa ita ta san shi, kuma da zarar kin yarda da wannan, kin yarda da sauran.

Na kusa-kusan nan akwai Jason Isbell, ɗan Alabama, wanda ya daina shan giya a 2012 ya fitar da faifan da ya ɗaga shi a 2013. Yana da waƙar wani mutum da ke jinyar ƙawarsa mai ciwon daji, su biyun suna ta barkwanci don kada a ambaci abin da kowa ya sani. Wurin da na fi jin tsoron isowarsa a waƙar shi ne inda mutumin ya kwantar da ita ya ɗauki tsintsiya yana share gashinta da ya zube a ƙasa.

Kiɗan ma yana taimakawa ta hanyar janye jiki. Ana danganta wa marubucin waƙa Harlan Howard cewa kantiri kamun tsirkiya uku ne da gaskiya. Kari mai sauƙi ba ya ɗauke hankali daga kalma, kuma idan jita ce kaɗai a bayan mawaƙi, baiti marar ƙarfi ba shi da wurin ɓuya. Muryar ma ba a buƙatar ta yi santsi. An yi wa Prine tiyatar ciwon daji a wuya a 1998, muryarsa ta dusashe ta yi kauri, ni kuwa na fi son tsofaffin waƙoƙinsa a wannan sabuwar murya. Annobar korona ce ta yi ajalinsa a Afrilun 2020, yana da shekara 73.

Sai dai kada ki ɗauka lissafa kaya kaɗai ya isa. Kantirin rediyo na shekarun 2010 cike yake da kaya: motar a-kori-kura, hanyar ƙasa, bakin rafi, daren Juma'a. Amma motar ba ta kowa ba ce, ana iya cire ta daga wannan waƙa a sa a waccan ba a lura ba. Tsintsiyar Isbell kuwa ba ta da wani ɗaki sai wannan.

TAMBAYA: Na karanta cewa Johnny Cash bai taɓa zaman gidan yari ba, alhali ya yi suna da waƙar ɗan fursuna. Idan ana yabon waɗannan mutane da faɗin gaskiya daga zuciya, wannan ba yaudara ba ce?
Daga wani ɗalibin jami'a a Katsina

AMSA: Abin da ka karanta haka yake, ɗana. An sha kama Cash ya kwana a hannun 'yan sanda, amma bai taɓa yin zaman kurkuku ba. Waƙar gidan yarin Folsom a Jamus ya fara ta, yana sojan sama, bayan ya kalli wani fim a kan gidan. Sai dai ka ƙara da wannan: a ranar 13 ga Janairun 1968 ya shiga Folsom ɗin ya rera ta a gaban fursunoni, aka ɗauka a faifai. Mutanen da suka fi kowa ikon ƙaryata shi suna zaune a gabansa, kuma suka karɓe shi.

Ga wanda ya yi zaman da gaske. Merle Haggard ya taso a cikin taragon jirgin ƙasa da mahaifinsa ya mayar gida a California, uban ya rasu yana ɗan shekara 9, ya shiga sace-sace har ya ƙare a kurkukun San Quentin, inda ma ya kalli Cash yana wa fursunoni waƙa. An sake shi a 1960. Da ya zo rera waƙar neman afuwar mahaifiyarsa a 1968, sai ya ce ɗaurin rai da rai aka yi masa, alhali bai cika shekara uku a can ba. Ka ga ko mai labarin kansa ya gyara shi don waƙa ta zauna. Kunyar da ya jawo wa uwarsa ce gaskiyar waƙar, ba adadin shekarun ba.

An yi irin wannan gardama a kan Gillian Welch da ta fito a 1996 tana waƙoƙin marayu da manoman haya cikin salon mutanen duwatsu. An haife ta a New York, ta girma a Los Angeles a hannun iyayen riƙo masu rubuta kiɗa wa talabijin, ta yi karatun kiɗa a Boston. Wasu masu sharhi suka ce rigar aro ta sa. Ni ban ga laifinta ba. Prine ɗin da na yaba a sama yana saurayi ya rubuta waƙa da bakin tsohuwa, ba wanda ya ce ya kawo shaidar tsufa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen talla. Akwai mawaƙan da ke sayar da hula da gemu da labarin wahala fiye da waƙa, kuma kantirin gefe bai tsira daga wannan ba, har yana da nasa girman kan na ganin duk abin da ya yi kasuwa gurɓatacce ne. Wannan ban yarda da shi ba. Dolly Parton ta yi kasuwa iya kasuwa, amma waƙarta ta 1971 a kan rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata da ƙyallaye, 'yan makaranta suka yi mata dariya, ba ta da na biyu wajen tsabta. Su goma sha biyu ne a gidansu a duwatsun Tennessee, kuma rigar ta gaske ce.

TAMBAYA: Yarona ya kamu da son waƙoƙin nan. Na ji an ce duk maganar giya ce da mutuwa. In hana shi?
Daga wata uwa a Gusau

AMSA: Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, akwai giya a ciki da yawa, akwai coci, akwai kisan kai a tsofaffin waƙoƙin duwatsu. Al'adar mutanen ce, ba tamu ba. Abin da zan ce ki lura da shi shi ne yadda ake kawo giyar. A reshen da muke magana a kai ba kasafai take zuwa da shagali ba, yawanci da asara take zuwa: aure ya mutu, aiki ya tafi, 'ya'ya sun juya baya. Mawaƙan sun san farashinta. Hank Williams, wanda kusan kowa a sana'ar yake ɗauka uba, ya mutu a kujerar bayan mota ranar 1 ga Janairun 1953, yana da shekara 29, giya da ƙwayoyi sun gama da shi. Townes Van Zandt ma a ranar sabuwar shekara ya tafi, a 1997, bayan doguwar jaraba irin wannan. Abin da nake tsoro ga matashi shi ne ya ɗauka lalacewar ce ta ba su baiwar, don akwai masu yaɗa wannan tatsuniya. Ki sa ya fassara miki waƙa ɗaya da ya fi so, ku tattauna a kai. Hukuncin gidanki kuwa naki ne da mahaifinsa.

TAMBAYA: Malam, na ga wani abin kiɗa mai da'irar fata da ake kira banjo. Da na ji amonsa sai na tuna gurmi. Akwai dangantaka ko kunnena ne?
Daga wani maɗinki a Maraɗi

AMSA: Kunnenka lafiya lau, malam maɗinki. Banjo ɗan Afirka ta Yamma ne ta wajen kakanni. Bayin da aka kwashe zuwa tsibiran Karibiyan su suka fara haɗa shi a ƙarni na 17, da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya, bisa abin da suka sani a gida. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da kansa ya rubuta a shekarun 1780 cewa daga Afirka baƙaƙen fata suka zo da shi. Gurmi da molo da garaya duk 'yan babban gidan nan ne na kayan tsirkiya masu fata a fuska. Wanda masu bincike suka fi nunawa saboda kamanni shi ne akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, domin yana da gajeriyar tsirkiyar babban yatsa, kuma ana kaɗa shi da bayan farce ana dukan ƙasa, daidai da tsohon salon banjo.

Yadda ya koma hannun farare labari ne marar daɗi. Tun daga shekarun 1830 'yan wasan farare suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya, da banjo a hannu, har abin ya zama babbar sana'a. Daga baya, a shekarun 1920, kamfanonin faifai suka raba kasuwa biyu bisa launin fata, aka ware wa baƙaƙe nasu kundin, aka ce kiɗan duwatsu na farare ne. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba. Wani baƙar fata mai ƙafa ɗaya, Lesley Riddle, shi ya riƙa bin A.P. Carter, maigidan iyalin Carter, ƙauye-ƙauye neman tsofaffin waƙoƙi, Carter yana rubuta kalmomi shi yana haddace kari. Hank Williams a wurin wani makaɗin titi baƙar fata, Rufus Payne, ya koyi jita yana yaro. DeFord Bailey, shi ma baƙar fata, yana cikin taurarin farko na shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville kafin a sallame shi a 1941.

Wadda ta fi kowa ƙoƙarin dawo da wannan tarihi a yau ita ce Rhiannon Giddens, 'yar North Carolina, wadda ƙungiyarta ta Carolina Chocolate Drops ta ci Grammy a 2011, kuma banjonta ne ake ji a farkon waƙar kantirin da Beyoncé ta fitar a 2024. Ka neme ta a YouTube inda take kaɗa banjo ƙirar da, mai santsin wuya marar gaɓoɓin ƙarfe. Amonsa ya fi na zamani kauri da zurfi. Ka sa ido a kan hannunta na dama, musamman babban yatsa, sannan ka je ka kalli mai gurmi na garinku ka kwatanta.